Ƙofar Inci Ashirin da Tara

Duk wanda ya taɓa sa a yi masa ƙofa ko taga a Filinge ya san Dodo mai walda, kuma da wuya ka samu wanda suka rabu lafiya. Ni dai ban yafe masa ba, gara in faɗa tun da fari.

Ɗan wani ƙauye ne a cikin Kurfai. Yana saurayi suka tafi ci-rani Legas tare da mahaifina, Alhassan. Baba ya yi shekara biyu ya komo gonarsa, shi kuwa Dodo ya liƙe wa wani maƙerin ƙofofi har ya iya aiki. Shekarar da aka kori baƙi ya dawo gida da abu biyu, tef ɗin awo da girman kai. Ya kafa rumfa kusa da tasha, yau shekara arba'in ke nan yana cikinta yana gasa wa mutane magana. Hannunsa na da kyau, wannan kam ba a ƙwace masa.

Tef ɗin nan fuska biyu gare shi, ɗaya inci, ɗaya santimita. Dodo ya bi ta santimita ya shafe da baƙin fenti, wai awon 'yan lakwal ne, 'yan boko waɗanda ba su taɓa riƙe guduma ba. In ka ce masa mita, sai ya ce ai mita yadi ne da ya sa wando, inci talatin da shida, magana ta ƙare. Ba wanda ya isa ya gaya masa mita ta ɗara yadi da kusan faɗin tafin hannu. Sai mutanen gari suka samo dabararsu: a yanki karan hatsi daidai faɗin ƙofa, wani daidai tsawo, a kai masa. Da kara ba ya gardama.

Bayan girbin bara waccan ɓarin jikin Baba ya shanye. Ciwon bai dame shi ba kamar ɗaukar da muke masa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana ɗora damin hatsi a ka, yau 'ya'yansa ke cicciɓarsa kamar buhu zuwa inuwa, yana kawar da kai don kada mu haɗa ido. Ƙanena Mansur da ke Yamai ya samo masa keken guragu, ya bugo waya ya ce faɗinsa santimita saba'in da bakwai, a faɗaɗa ƙofar ɗakin ta kai tamanin. Inna ta ce mu jira keken ya zo mu yanki kara. Na yi mata dariya. Shekara ashirin ina koya wa yara awo a lakwal, ni ne zan ratsa kasuwa da kara a hannu?

Na rubuta a takarda na kai masa: santimita tamanin, wato inci talatin da ɗaya da rabi. Ko dubawa bai yi ba. Ya lumshe ido ya yi lissafinsa na yadi, ya ce tamanin cikin ɗari inci ashirin da tara ne. Na ce ba haka ba ne, na soma bayani.

"Mushe," ya ce, yadda ake kiran malamin lakwal a nan, "tun ba a haihe ka ba nike yin ƙohwa. Aje takardarka, na jiya."

Na ɗauka ya yarda. Ranar da aka kawo ƙofar ina aji, magini ya fasa bango ya kafa ta, ni kuma ban ɗora mata tef ba. Wannan laifina ne, ina sane da shi. Kwana shida bayan haka Mansur ya iso da keke a saman mota, siminti ya riga ya kama. Maƙwabta suka taru ganin yadda Alhassan zai fito. Mansur ya tura keken, ƙafafunsa suka daki ƙarfe hagu da dama. Aka karkata, aka ɗaga, ya ƙi. Baba na zaune a kan gado yana kallo, can ya ce kowa ya koma gidansa.

Na koma wurin Dodo raina a ɓace. Ya ce ƙofarsa daidai take, keken ne aka yi da awon banza, shi kuma ba ya mayar da wuta a kan aikin da ya gama. Na yi niyyar kiran wani mai walda, Baba ya hana. Ya ce shi da Dodo sun ci tuwo a kwano ɗaya a baƙon gari, ba zai tozarta shi a idon Filinge ba. Wanda ya yi ƙofar shi zai cire. Daga ranar kuma ya ƙi a sake ɗaukarsa. Yana kwance yana hangen kaji ta bakin ƙofa suna hawa kan keken. Sau huɗu na je rumfar nan, sau huɗu Dodo yana ce mini yana da aiki a gabansa.

Kwana goma sha tara Baba ya yi a haka. Gawarsa ta fita ta ƙofar ba ta taɓa ko'ina ba.

Ranar sadakar uku Dodo ya zo. Da aka shafa fatiha ya shigo tsakar gida, ya zari kara daga darni, ya gwada faɗin keken, ya karya, ya kai bakin ƙofa. Ya daɗe a durƙushe yana kallon ɗan abin da ya yi saura.

"Yatsa biyu," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Gobe ni zo in hidda ta."

"Bar ta, Baba Dodo," na ce. "Wanda za ya hita ya riga ya hita."

Ya tafi da karan a hannunsa. Jiya na wuce ta tasha, tef ɗin na rataye a wuyansa, da baƙin fentinsa yadda yake.