Bencin da Ya Daina Kuka

Duk wani abu na katako da ke cikin majami'ar nan, daga mumbari har ƙyauren ƙofa, aikin hannun Baba Kafinta ne. Amma in ka tambayi 'yan ikkilisiya abin da suka fi saninsa da shi, ba wanda zai ce maka aiki, baki za su ce. Mutumin nan Allah ya zuba masa barkwanci kamar ba za a ba wani ba. Ko gidan makoki ya shiga, kafin ya tashi sai ka ga masu kuka suna toshe baki da gefen zane.

Shagonsa rumfar kwano ce a bakin titi, garin katako har idon sawu. Kullum yana tsaye da fensir a bayan kunne, ƙusoshi a baki, kuma ƙusoshin ba su taɓa hana shi magana ba. Duk da wannan hali, dattijon ikkilisiya ne, kuma ba ya wasa da sujada.

A ikkilisiyar tasu, idan mutum ya faɗa cikin zunubin da ya fito fili, sata ce ko zina ko maye, dattawa kan zauna su sa shi horo. Za a sanar da shi a gaban jama'a, a hana shi jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada, sannan kowace Lahadi ya zauna a bencin ƙarshe na bakin ƙofa. Sai dattawa sun ga alamar tuba a kira shi gaba, a yi masa addu'a, a karɓe shi. Fasto ba ya gajiya da faɗi cewa horo magani ne, ba bulala ba. Jama'a kan ce amin, amma ko a cikin addu'a ido ɗaya na bakin ƙofa.

To, wannan benci ma Baba Kafinta ne ya yi shi, da ragowar ɗanyen katako. Da katakon ya bushe sai ƙafa ɗaya ta gajarta, haɗin ya saki. Ko numfashi mai ƙarfi ka yi a kansa sai ya ce ƙiiiy, kamar an taka jelar mage. Fasto ya ce a gyara.

"Haba Fasto," in ji Baba Kafinta, "a bar shi mana. Wanda kunya ta hana shi furta zunubinsa, ai ga benci nan yana furta masa."

Aka fashe da dariya, har Faston, magana ta wuce a haka.

Yana da abokin tsokana, Tela, wanda shagonsa ke jikin nasa. Su biyun nan suka mai da kukan bencin abin wasa. Da an tashi sujada sai Baba Kafinta ya murguɗa baki ya yi ƙiiiy ɗin, sak na bencin, ya ce, "Wannan kukan na ɓarawon kaza ne." Tela ya ja nasa ya fi tsawo, ya ce, "Ina! Wannan ai ya kai na mai neman matar wani." Mutane su yi ta riƙe ciki. Matarsa kaɗai ce ba ta dariya.

"Maigida, ka ji tsoron Allah da bakin nan naka," takan ce. "Waɗanda ke zama a can ma uwa ce ta haife su."

"Ke dai ba ki san wasa ba," yakan ce.

Auta shi ne ɗansu na ƙarshe, kuma shi kaɗai ne namiji. Direban babbar mota ne, mai kauri a murya, in ya ja waƙa a cikin mawaƙa har a ƙirji kake ji. Ya yi aure, shekara ta zagayo matar ta zo haihuwa, daga ita har jaririn ba wanda ya tashi. Auta bai yi kuka a gaban kowa ba. Kwalbar giya ya kama. Wata safiyar Lahadi masu zuwa sujada suka tarar da shi kwance a bakin kwata, dab da ƙofar majami'a, ƙuda na bin bakinsa.

Da dattawa suka zauna, kowa ya yi tsuru-tsuru yana kallon ƙasa. Baba Kafinta ne ya fara buɗe baki.

"A sa shi horo. Abin da muka yi wa 'ya'yan wasu, a yi wa nawa."

A gaskiya ba don mugunta ya faɗa ba. Ya gaskata zunubi zunubi ne ko a gidan wa ya kwana, kuma ya gaskata horon zai dawo masa da ɗansa.

Auta ya zo, wannan kam a ba shi. Ya riƙa zama a bencin nan a sandare kamar gawa, hannu a gwiwa, yana numfashi kaɗan kaɗan don kada katako ya tona shi. Ran nan ana tsakiyar addu'a, majami'a ta yi tsit, tari ya sarƙe shi. Benci ya kurma ihu. Kai, jama'a! Mutanen da aka shekara ana koya musu cewa wannan kukan abin dariya ne, me kake so su yi? Dariya ta tashi daga baya ta gangaro har gaba. Baba Kafinta na zaune a kujerar dattawa, ido a rufe, bai waiwaya ba. Da aka ce amin ya ɗaga kai, bencin ba kowa.

Daga ranar Auta bai sake taka majami'a ba. Ya bar gari da motarsa, sai dai a ji labarinsa a bakin direbobi, kuma ba labarin daɗi ba.

Shekaru suka ja kafin ya dawo, shi ma kawo shi aka yi. Idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa kamar sillen kara. Likita ya ja Baba Kafinta gefe ya ce hanta ta gama lalacewa, a kai shi gida a lallaɓa shi. Suka shimfiɗa masa katifa a ɗakin da ya taso, kusa da taga, da bokiti a gefe.

Baba Kafinta ya zauna a gefensa. Mutuwar ɗansa ya riga ya sallama, abin da ya hana shi sukuni shi ne Auta zai mutu a ƙarƙashin horo, a waje da zumunta, ba jibi, ba karɓa. Wanda ya mutu haka ba a shigar da gawarsa majami'a. Abin da ke bayan wannan kuwa, inda mutum zai buɗe ido, Baba Kafinta ko tunaninsa ba ya iya ƙarasawa.

Ya je wurin Fasto ya roƙa a ɗage horon. Fasto ya zo gida ya yi wa Auta addu'a, ya kuma kai maganar gaban dattawa. Suka ce faɗuwar a fili aka yi ta, dawowar ma sai a fili. Ya zo ya zauna ko Lahadi ɗaya ce, su kuwa za su kira shi gaba a ranar.

"Baba, kai ma haka ka sha faɗa a kan wasu," in ji ɗaya daga cikinsu, yana kau da kai.

Baba Kafinta ya tashi. Ya dawo gida ya zauna a bakin katifa.

"Auta, Lahadi ɗaya ce tak. Ka daure."

"Baba, Allah ya sani na tuba," in ji Auta, murya a dushe. "Kullum ina gaya masa. Amma bencin nan, ko a mafarki na ji kukansa sai na farka da gumi. Ba zan iya ba."

Washegari, a tsakiyar mako, ba tare da ya gaya wa kowa ba, dattijon ya je ya ɗauko bencin a kafaɗa ya kai shago. Ya zare tsofaffin ƙusoshi, ya sauya gajeriyar ƙafar, ya zuba gam a kowane haɗi ya ɗaure tamau. Ya yi masa abin jingina, ya goge da samfefa har ya yi santsi. Ya hau ya zauna, ya jijjiga, ya tashi ya faɗa da ƙarfi. Shiru. Duka aikin bai kai azahar ba. Wannan ne ya fi yi masa ciwo.

"Na gyara shi," ya ce wa Auta da ya koma. "Yanzu ko motarka aka ɗora masa ba zai ce uffan ba."

Auta ya yi ɗan murmushi, ya daɗe yana kallon ubansa.

"Ashe dama yana gyaruwa, Baba?"

Baba Kafinta, mai amsar kowace magana, ya miƙe ya fita tsakar gida.

Ranar Lahadi uwar ta yi wa Auta wanka, ta sa masa farar rigarsa ta mawaƙa da yanzu take masa lilo a jiki. Suka shiga bayan an fara waƙa, yana dafe da kafaɗarta. Baba Kafinta na hango su daga gaba. Waƙa ta ƙare daidai lokacin da Auta ya sauke jikinsa a kan benci. Benci ya yi shiru abinsa. Dattijon ya sauke ajiyar zuciya, a ransa yana cewa na gode, ya Ubangiji.

Tela na zaune benci biyu a gaba. Tsufa ya cinye masa ido, inuwa kawai yake gani. Ya ga wani ya wuce ya zauna a wurin horo, ya kasa kunne yana jiran kukan da ya saba, bai ji ba. Sai bawan Allah nan ya ga ai bai kamata abu ya tafi haka ba. Ya murguɗa baki.

"Ƙiiiy."

Har ya juya fuska wajen kujerar dattawa yana washe baki, yana jiran abokinsa ya yaba.

Dariyar ba ta yi yawa ba, kuma waɗanda suka waiwaya suka ga ko wane ne nan take suka haɗiye ta. Amma ta riga ta fita. Auta ya dafa abin jinginar da ubansa ya yi masa, ya miƙe da kyar. Bai dubi Tela ba, ubansa ya duba. Sannan ya juya ya fita, uwar na bin sa tana kiran sunansa. Fasto ya sauko daga mumbari da gudu, ya tarar ya riga ya zube a bakin titi.

Bai kai wata Lahadin ba.

Dattawa suka sake zama. Wasu suka ce ai ya zo, wasu suka ce ya zo amma ya tashi kafin a karɓe shi, doka kuma doka ce. Ba a shigar da shi majami'a ba. Baba Kafinta da hannunsa ya yi akwatin, bai yarda kowa ya riƙe masa ko guduma ba. Fasto ya raka su maƙabarta cikin kayan gida, ya yi addu'a yana kuka. Da aka watse dattijon ya riƙe masa hannun riga.

"Fasto, gaya mini gaskiya. Yana ina?"

"Baba, horo namu ne, gafara ta Allah ce. Ba ya jiran zaman dattawa kafin ya gafarta."

"To, in haka ne, me ya sa muka tsaya a kan benci?"

Fasto ya sunkuyar da kai.

Tela ya zo gaisuwa, ya zube a ƙasa yana rantsuwa bai san Auta ba ne. Baba Kafinta ya kama shi ya ɗaga.

"Tashi, aboki. Ai ka iya, ko kuskure babu. Ni na koya maka."

Tun daga nan bai sake zama a kujerar dattawa ba. Matarsa ta koma wurin babbar 'yarsu, ba faɗa ba zagi, ta dai ce ba ta iya kallon ɗakin Auta. Shagon na nan, yana buɗewa, amma ƙusoshi sun samu bakin da ba ya motsi. Kowace Lahadi yakan riga kowa zuwa, ya wuce bencin bakin ƙofa ya zauna. In an zo raba jibi sai ya naɗe hannu.

"Baba, ba wanda ya sa ka horo," Fasto ya ce masa, ba sau ɗaya ba.

"Na sani. Ai dariya ba ta cikin zunuban da muke zama a kansu."

Har yau yana can. Ya rame, ya rankwafa. In an shiga addu'a majami'a ta yi tsit, wanda ke kusa kan ga yana motsa jiki, ya karkata hagu, ya karkata dama, ya danna da iya ƙarfin da ya rage masa. So yake katakon ya yi kuka ko sau ɗaya, a waiwayo a yi masa dariya, ya ji abin da yaron ya ji. Amma aikin ya yi kyau da yawa. Bencin ko ƙis ba ya yi.