Injin numfashin Mma da mutanen gidanmu

Shekaru da dama baya, cikin shekarun casa'in, muna zaune a wani gidan haya a unguwar Nima, mahaifiyata Mma ta yi fama da tarin da ya ƙi tafiya. Ta taɓa yin tarin tibi tun tana da ƙarfinta, ta warke, amma ya bar mata huhu a lalace, ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama. An ba ta ƙwaya, an yi mata allura, sai ya lafa ya sake dawowa.

Daga baya likitan ƙirji ya kawo wata sabuwar hanya. Ruwan magani za a zuba a wani ɗan inji, ya mayar da shi tururi, ta shaƙa ya tafi huhun kai tsaye. Yayana da ke Jamus ya aiko da injin. Safe da yamma nake ɗaura mata robar injin a fuska, in wanke in shanya, sannan in kama harkar gabana, don ina da rumfar atamfa a kasuwar Makola.

Da farko ta samu sauƙi sosai. Can sai tarin ya dawo, maganin kuma yana ƙarewa kafin lokacinsa. Ni da nake ganin babu mai wayona, har ɓeraye na zarga.

Wata rana ruwan sama ya kore mu daga kasuwa, na dawo da azahar. Sai na tarar da maƙwabciyarmu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, zaune a tabarmarmu, roba a fuskarta, inji yana ta gurnani. Wani dattijo mahauci yana bakin ƙofa yana jiran nasa.

Na ce, “Mma, mene ne wannan?”

Ta ce, “Sirace ne fa. In an dafa ganyen darbejiya a gidan nan, wa kika taɓa gani ya shiga bargo shi kaɗai?”

Maƙwabciyar ta ɗaga robar ta ce da irin Hausarta, “Yarinya, abin nan yana aiki paa. Mamanka ya ce in gwada kaɗan.”

Sai na zare wayar injin daga bango a gaban manya. Na kuwa san abin da na yi.

Washegari likita ya gaya mini cewa rabin magani taurin kai yake ƙara wa ƙwayoyin cutar, roba ɗaya a fuskoki da yawa kuma tana iya kawo mata abin da huhunta ba zai ɗauka ba. Daga ranar, in na gama mata na safe sai in cusa injin a jaka, mu hau motar haya ta trotro tare zuwa Makola. Mutanen gida suka sa mini suna Dokta, ba don yabo ba. Mma ta daina yi mini magana. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma ban ja da baya ba. Na dai ce duk mai tari ya zo in raka shi asibiti.

Mai waakye ce kaɗai ta yarda, aka auna ta aka samu tibi, aka ɗora ta a kan magani. Na ja Mma ita ma aka auna ta, Allah ya sa ba ta ɗauka ba. A hankali tarin ya lafa, har ta koma zuwa sallar Juma'a da ƙafarta.

Har yau in na tuna yadda dattijon nan ya miƙe ya tafi, kunya nake ji. Amma da za a mayar da ni ranar, zan sake zare wayar. Mma ta ƙara shekaru masu yawa tare da mu, kuma ba ta taɓa cewa na yi daidai ba. Abin da ta faɗa kawai, wata safiya da na yi shawarar in fara barin injin a gida tunda an daina zuwa, shi ne:

“A'a, tafi da shi. In yana ɗakin nan, ba zan iya hana kowa ba.”