Abin da Na Gani a Madubin Tafi-Reza

Shekara talatin da ɗoriya maƙwabciyata tana cire wa matan layinmu gashi da halawa, har aka manta sunanta na yanka, kowa sai Tafi-Reza. Mijinta direba ne, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya da tukunya mai kunne guda. A tukunyar nan take dafa sukari da ruwa da lemon tsami har ya yi ja kamar zuma, ta juye a faranti, ta yi ta ja tana naɗewa sai ya koma danƙo. Da shi ta ci da kanta, da shi ta kai yarinyar makaranta.

Dafa sukari dai kowace mace ta iya. Amma halawar wasu tana daskarewa ana tsaka da aiki, tata kuwa laushinta ɗaya daga gwiwa har idon sawu. In an tambaye ta sirrin, sai ta ce hannu ne. Dokarta guda ce, ki kwanta ki fuskanci bango, wai wadda ba ta ga zafi yana zuwa ba, ba ta jin sa sosai. Na kalli bangon nan har na san tsagarsa fiye da fuskar mijina.

Sai 'yarta ta koyi gyaran jiki, ta samu aiki a shago, ta sayo wa uwar ƙaton madubi ta kafe a bangon, wai ɗakin ya yi kama da na sana'a. Ni ce ta farko da ta kwanta a gabansa ido buɗe. An gama ƙafar dama, halawar ta yi baƙi da gashi da dauɗa, ta fara tauri. Ina kallo ta madubi, Tafi-Reza ta leƙa ƙeyata, ta dunƙule abin, ta jefa a baki. Ta tauna kamar cingam, ta fiddo shi yana yauƙi, ta zare wani dogon gashi daga leɓenta, ta nufo ƙaurina.

Na tuna ba ƙafa kaɗai take yi ba. Na tuna mai sayar da kifi ce ta fita ina shigowa, tana fifita hammata, kuma ban ga an ɗora sabuwar tukunya ba.

"Ke tsohuwar banza, me kika sa a baki?"

Ta ɗago ta ga idona a madubi, sai ta zauna daɓas a ƙasa. Ta san bakina, ni ce rediyon layin. Ta ce in na faɗa, gobe ko kaza ba za ta leƙo ɗakin nan ba, ita kuma ba ta iya komai ba sai wannan. Ba abin da ke ɗumama halawa daidai kamar baki, in ji ta. Na ce to ta ɗumama a na uwarta.

"Shekara talatin ina haɗiyar gashin mutane ban yi ƙyama ba," ta ce, "sai ke da kike kwance?"

Na koma gida ƙafa ɗaya sumul, ɗaya kamar ta bunsuru. Na dirje da sabulu har fatar ta yi ja. Washegari na kai mata fulas na ruwan zafi da kwano, na ce ko ta riƙa tsomawa a nan, ko in buɗe baki.

Ta yi biyayya. Ruwan kuwa ya riƙa narkar da halawar tana maƙalewa a fata, mata suna fita da tabo suna tsaki. Malamar makaranta ta daina zuwa, matar tela ta bi ta. Ranar kwana na goma na leƙa, na tarar an lulluɓe madubin da tsohon zane, fulas ɗina a gefe ko ɗigon ruwa babu. Ta dube ni, na dube ta. Na ɗauki fulas ɗina, na tsaya a shagon bakin titi na sayi reza.

Shekara shida na riƙe maganar nan, ina ganin mata suna fitowa suna shafa ƙauri suna sa mata albarka, ni ina haɗiyar amai. Ina zargin riƙon maganar ne ya sa mini hawan jini.

Bara turamen haƙoranta na ƙarshe suka zube, sukari ya cinye su, ta ajiye sana'a. 'Yar ce ke yi yanzu, da tukunyar lantarki da safar hannu, mata suna gunaguni wai ba ta gaji hannun uwarta ba. Da na ce wa tsohuwar zan rubuta labarin nan, ta yi dariya da dasashi, ta ce in rubuta, yanzu ba ta da abin asara. Duk wadda ta taɓa kallon bangon nan, akwai sabulu mai kyau inda na sayi reza.