Ranar da depite ya goyi bayan rumfar yayana

Zamanin da muke da majalisa, yayana yana da rumfar wasan bidiyo a bakin tashar Belbeji: tele ɗaya ta kallo, fanon rana mai ba da wutar lantarki, da na'urar da ya sayar da tumakinsa ya sayo a Damagaram. Ni kuma ina soya awara a gefe, don duk wanda aka lallasa a ƙwallo yunwa ce ke fara kama shi.

Sai dattawan unguwa suka kai ƙara mairi, ofishin magajin gari, wai rumfar tana hana yara zuwa lakkwal, wato makarantar boko, da gona. Aka ce za a rufe. Yayana ya rame kamar kazar mayu, abincin gidansa kenan.

Ana cikin haka depitenmu, wato ɗan majalisarmu, ya zo neman a sake zaɓensa. Wani ya raɗa masa cewa ƙuri'ar samari tana rumfar nan. Sai ga shi da babbar riga da maroƙinsa. Muka shirya cewa yayana zai buga da shi, kuma dole ya bari a ci shi.

Wayyo, ban taɓa ganin wahala irin ta barin mutumin nan ya ci ba! Hannun riga ya rufe masa maɓallai, 'yan wasansa suna ta gudu suna fita fili, maroƙi kuwa yana ihu: "Giwa ta nufi daji!" Da ƙyar yayana ya zura wa kansa ƙwallo. Rumfa ta ɗauki tafi.

Depite ya share gumi ya ce wannan shi ne ci gaba, ba mai rufe wurin nan yana raye. Ya shafa na'urar ya ce, "Kai, abin nan ya burge ni."

To, mu nan ƙasar Damargu in babba ya yaba kayanka, ladabi ne ka ce nasa ne, shi kuma ya sa albarka ya bar maka. Yayana ya durƙusa ya ce, "Ai taka ce, ranka ya daɗe."

"Madalla," in ji depite. "Zan kai ta Yamai in nuna wa majalisa."

Direbansa ya cire wayoyi, ya kwashe na'urar zuwa mota, har da tele. Na ji kamar in watsa masa man suya, wallahi.

Alƙawari kam ya cika, mairi ba ta rufe rumfar ba. Awakin maƙwabta ne ke shan inuwa a ciki, yayana kuma shi ke yanka mini awara.