Zabina Bakwai da Harsasan Yaya

Shekarata tara a gidan mijina, a wani ƙauye tsakanin Tofa da Rimin Gado, lokacin da wansa ya dawo daga Kano. Aikin gadi yake yi a wani kamfani, aka rufe kamfanin, ya tattaro ya dawo da katifa ɗaya, da rediyo, da bindiga mai baki ɗaya naɗe cikin buhu. Matarsa ta riga ta gaji ta tafi tun suna birni. Yaya muke ce masa, ni da maigidana. Har yau haka nake kiransa, don al'ada ta tilasta mini.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai zaci akwai abin harbi a cikinta. Babu. Gona ce manne da gona, daga ƙofar gidanmu har bakin titi. Daji ya ƙare tun zamanin kakanni. Abin da ya rage makwarwa ce, da kurciya, da zomo jefi-jefi, sai gafiya mai ɓarnar gyaɗa. Amma Yaya ya ɗauki kansa maharbi. Gandun gida ya bar wa ƙaninsa, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawar ƙofar gida yana shafa wa bindiga mai.

Bai daɗe ba ya sami abokin zama. Maƙwabcinmu ne, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Mu Kiristoci ne, shi Musulmi, amma katanga ɗaya ta raba mu, kuma ba mu taɓa samun saɓani da gidansa ba. Malam yana da tasa bindigar da ya gada a wurin mahaifinsa, ta shekara da shekaru a saman rumbu. Yaya ne ya sa ya sauko da ita.

Daga nan aka fara musun da ya hana ni sakat. Harsashi iri biyu suke samu a wurin wani mutum a birni, ɗaya mai jan kwanso, ɗaya kore. Tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, gindinsu duka na tagulla. Ni da za a ɗora mini su a tafin hannu, launi kawai zan gani. Amma su kam, sai ka ce addini.

“Ja ne harsashi, Malam,” in ji Yaya. “'Ya'yan dalmarsa manya ne. Ko daga nan zuwa waccan kukar, in ya taɓa abu ya gama.”

“In ya taɓa ke nan,” in ji Malam. “Kore 'ya'yansa ƙanana ne amma suna da yawa, sun fi bazuwa. Tsuntsu ba giwa ba ne.”

Haka za su yi tun hantsi har rana ta yi tsaka, ina dawowa daga gayaunata da fartanya a kafaɗa in same su inda na bar su. Yaya ba ya ko ɗaga kai ya ce sannu. Sai dai, “Ke, ba a sauke abinci ba ne?”

Da harsashi ya yi tsada, sai Yaya ya fito da na uku: nasa na hannu. Ya riƙa tsince kwanson da aka harba, yana sake cika shi da albarushi da 'ya'yan dalma, ya toshe bakin da kakin kyandir. Ya ce nasa ya fi na Bature. Dalmar kuwa daga tsohon batirin mota yake ciro ta. Wata rana na dawo daga rijiya na tarar ya ɗora tukunyar miyata a murhu yana narka ta a ciki, hayaƙi mai wari ya cika tsakar gida, 'yata ƙarama tana tari a bakin ɗaki.

“Yaya, tukunyar da muke cin abinci ce fa!”

“To sai me? Ki wanke mana. Ruwa ya ƙare a duniya ne?”

Ban wanke ba, jefar da ita na yi. Na faɗa wa maigidana, ya ce in yi haƙuri, babba ne. Na faɗa wa Inna, surukata, ta ce ɗanta ya sha wahalar birni, a bar shi ya huta. Bayan kwana kaɗan Yaya da Malam suka cire ƙyauren langa-langa na akurkina suka jingina shi da ɗorawa, kowa ya harba nasa, suka tsuguna suna ƙirga huji kamar masu tsintar wake. Da suka gama, Yaya ya mayar mini da shi ya zama rariya, ya ce kaji ma suna bukatar iska.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ban haɗiye ba shi ne zabina.

Zabi goma sha ɗaya nake da su a lokacin. Ƙwai na sayo a kasuwar Rimin Gado, na sa wa kaza ta ƙyanƙyashe, na yi ta haƙo musu gara a gona har suka girma. Wanda ya taɓa kiwon 'ya'yan zabi ya san yadda suke mutuwa, raɓa kaɗan ta isa. Kowace na ɗaura mata jan zare a ƙafar hagu, kowa a unguwar ya sani. Da safe su fita kiwo, da yamma su dawo su hau ɗorawa. Ƙwansu na damina shi ne sabuluna, shi ne takalmin 'ya'yana.

Bayan an yanke dawa a shekarar, wata Alhamis da hantsi, na ji ƙarar bindiga sau uku daga wajen gayaunata. Ina surfe, ban kawo komai a raina ba. Can sai ga su sun shigo, Yaya a gaba yana washe baki, Malam a baya. Yaya ya zube zabi bakwai a gaban turmina. Malam ya riga ya yanka su tun a gona.

“Ga zabin daji, Allah ya kawo. Ki fige su. Amma ki ji da kyau: duk dalmar da kika tsinta a cikin nama, kada ki zubar. Manya gefe guda, ƙanana gefe guda, masu kaushi kuma nawa ne na hannu. Yau za a san wanda ya fi kisa.”

Na ajiye taɓarya. Na ɗaga ƙafar ta farko, ga jan zare. Ta biyu, ga jan zare. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har bakwai.

“Yaya, a ina ka taɓa ganin zabuwar daji da zare a ƙafa?”

Malam ya sunkuya ya duba. Sai ya dafe kai yana salati. “Wallahi daga nesa muka hango su cikin kara. Baiwar Allah, ki yafe mini. Ban lura ba.”

Na yarda Malam bai lura ba, idonsa ya fara rauni. Amma Yaya kullum a ƙarƙashinsu yake zama, kashinsu har kan tabarmarsa yake zuba. Ya san su kamar yadda ya san yatsunsa. Ya dube ni ido cikin ido ya ce, “Zabuwa in ta tsallake darni ba ta da mai ita. Kuma ai a gidan nan za a ci. Kukan me kike yi?”

Ban fige ba. Inna ce ta fige su, ta dafa, ta kuma tara masa dalmarsa a murfin kwano kamar yadda ya ce. Ina ɗaki ina jin sa yana ƙirgawa yana dariya, yana cewa manya sun fi yawa. Ni da 'ya'yana ba mu taɓa naman ba. Maigidana ya ci. Wannan ma ban manta ba.

Washegari matar Malam ta shigo da kwando, ciki da zabi biyu daga nata, ta ce Malam ya ce a ba ni haƙuri. Ya kuma mayar da bindigarsa saman rumbu. Yaya kuwa ko a jikinsa. Ya fara cewa saura huɗun nan ma suna yi masa surutu a ka, ba sa barin sa ya ji labarai.

Ranar Lahadi na ce kaina yana ciwo, ba zan je coci ba. Kowa ya tafi, har Yaya, don yana son a gan shi a benci na gaba. Na shiga ɗakinsa. Jakar fatarsa tana rataye a ƙusa, na san ta. Na zazzage ta a zanina: ja, kore, na hannu, da tarin kwanson da bai cika ba, da gwangwanin albarushi. Na wuce bayan gida na zuba su duka a masai. Na mayar da jakar inda take, na dawo na kwanta. Rabona da jin sanyi a zuciya irin na ranar, na manta.

Da ya dawo ya taras da jaka wayam, gidan ya ɗauki ihu. Bai zarge ni ba. A wurinsa ni ba ni da wannan zuciyar, ni mai daka ce kawai. Kai tsaye ya fita ƙofar Malam.

“Fito, ɓarawo! Ka ga ja ya kunyata ka, shi ne ka bi bayana ka kwashe!”

Malam ya fito da carbi a hannu, ya ce bai san zancen ba. Yaya ya zage shi tas a gaban 'ya'yansa da jikokinsa. Mutane suka taru. Na ji wani daga cikin samarin gidan Malam yana cewa dama mu ba a zama da mu, wani daga namu ya mayar masa. Maganar da ba a taɓa yi a unguwarmu ba, ranar aka yi ta, a kan harsashi.

Kwana tara na yi shiru. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin ganin Yaya yana zagaye gida kamar kazar da aka kwashe wa ƙwai. Amma matar Malam ta daina shigowa, in mun haɗu a rijiya sai ta kau da kai. Mutumin da ya aiko mini da zabi shi ke ɗauke da laifina. Sai Yaya ya kai ƙara wurin mai unguwa, ya ce lallai a sa Malam ya rantse.

Ranar zaman na yafa mayafi na bi su. Mai unguwa yana kan kujerarsa, dattawa a tabarma. Yaya ya gama zuba, aka juya ga Malam. Kafin ya buɗe baki na durƙusa daga gefe.

“Ranka ya daɗe, kada a sa bawan Allah rantsuwa. Ni na ɗauka. Suna cikin masai, wanda yake so ya shiga ya ciro.”

Sai wani dattijo ya fashe da dariya, wasu suka taya shi. Yaya ya miƙe zai yo kaina, aka riƙe shi. Mai unguwa ya tambaye ni dalili, na faɗa masa tun daga tukunya har zabi. Ya yi mini faɗa a kan shirun kwana tara, ya ce na kusa haɗa unguwa faɗa, kuma gaskiyarsa ne. Sannan ya ce wa Yaya ya ba Malam haƙuri, kuma kada a sake jin ƙarar bindiga kusa da gidaje. Yaya ya furta haƙurin yana kallon ƙasa, kamar ana cire masa haƙori.

A gida maigidana ya ce na tozarta wansa a bainar jama'a. Na ce wansa ne ya tozarta kansa. Na goya ƙaramar, na tafi gidanmu. Wata biyu na yi. Da suka zo biko, Babana ya ce sharaɗi ɗaya ne: a raba tsakar gida. Aka ja katangar ƙasa tsakanin sashenmu da na Yaya, aka fasa masa tasa ƙofar.

Malam ya yafe mini tun a wurin, amma matarsa sai da ta shekara kafin ta sake zama a tabarmata. Yaya ya sayar da bindigar wa wani ɗan sintiri bayan shekara biyu. Yana nan da ransa, ya tsufa, ƙafa ta hana shi fita. Inna ta rasu, bai sake aure ba, don haka ni ke zuba masa tuwo safe da yamma, a miƙa masa ta kan katanga. Bai taɓa cewa ya gode ba, bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Jiya ma ya aiko a ce mini gishiri ya yi yawa. Na ce a faɗa masa gobe ma haka zai ci.