Wankan Jego a Shekarar da Aka Hana Gawayi

Na sayar da gawayi a ƙofar gidanmu a Njamena tun ina iya ɗaga buhu ni kaɗai. Maigidana ya rasu a farkon shekarun casa'in, ya bar min yara da wata rumfar kwano a waje, sai na fara kasa gawayi a ƙarƙashinta. Ba wanda ya ba ni izini, ba wanda ya hana ni. A lokacin kowa abin da ya ga dama yake yi. Mai gatari ya shiga daji ya sare, mai mota ya ɗauko, mu mu kasa, matan unguwa su zo da kwano su saya. Da wannan baƙin hannun na aurar da 'yata ta fari.

Ba zan ce ban san ana ɓarna ba. Direban da ke kawo min kaya da hantsi yake isowa a farko, daga baya sai la'asar, daga baya har kwana yake yi a hanya. In na yi masa faɗa sai ya ce, "Hajja, dajin ne yake gudu, mu binsa muke yi." Gawayin ma ya canza. Na da nauyi gare shi, ka sa kaɗan ya dafa maka wake. Na baya kuwa na ƙananan itatuwa ne da ba su gama girma ba, kafin ruwa ya tafasa ya zama toka. Da bakina na sha cewa ya kamata hukuma ta sa baki. Abin da nake nufi a ce nan a sara, can a bari, wanda ya sare ya dasa.

Hukuma ta yi shekara da shekaru tana barci, ranar da ta farka sai ta hana duka. Aka tsare hanyoyin shiga gari, muka ji har motocin gawayi ana ƙonawa. A rediyo aka ce kowa ya koma gas. Mai maganar ban san inda yake sayen nasa ba, mu dai in ka ga gas to layi ne tun daga nan har can, a ƙarshe a ce ya ƙare. Rumfata ta zama wajen kwanan awaki.

A cikin wannan hali, ana tsakiyar sanyi, 'yata ta haihu, haihuwar fari, aka kawo min ita gida wanka.

Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka suka yada zango a nan sun bar abubuwa da yawa a hanya, amma ba su bar wankan jego ba. Kwana arba'in, safe da yamma, a tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganye a yi ta watsa wa mai jego har jikinta ya gasu. Mun taso ana gaya mana in aka yi wasa da shi sanyi zai shige ta, ta kumbura ko ta nakasa. Ni ba labari aka ba ni ba. Yayata ta haihu a lokacin yaƙi muna gudun hijira, ba a samu yi mata ba, ba ta ga yayen ɗanta ba. Likita zai faɗi nasa dalilin, ni abin da idona ya gani nake faɗa. Saboda haka na ƙudura a raina ko me za a ƙona, sai yarinyar nan ta cika arba'in ɗinta.

A al'ada itace na kan miji. Surukina, mai sayar da ƙusa da kwaɗo a babbar kasuwa, ya zo ya durƙusa da wata 'yar tukunyar gas mai kai ɗaya. Na dube ta, na dubi tukunyar wanka, na ce, "Wannan ai ta shayi ce, ɗan nan." Ya ce, "Wallahi Inna, faham mafi, na zaga ko'ina." Wato gawayi babu. Ni yake gaya wa.

Buhu ɗaya da na ɓoye a bayan ɗaki bai kai mu ko suna ba. Daga nan na koma ƙwallon goriba kamar kowa, shi ma ya yi tsada. Na hau mota zuwa Farsha na tsinci busasshen kashin shanu a wajen mayanka, ni da wasu mata muna ture juna a kansa, kowa na kau da kai kada a gane shi. Hayaƙinsa ya sa jariri tari. Na faskara tsohon benci, na faskara ƙofar madafa, na bi da turmin da uwata ta bar min. Turmin nan ya ci wuta da kyau, na zauna ina kallonsa ina jin haushin kowa, har da na wanda ya fara sayar min da gawayi.

Da abin ƙonawa ya ƙare, wata maƙwabciya ta ce a Kusiri, garin da ke ƙetaren iyaka, gawayi na nan a fili, tsallaka gada kawai. Ƙasa ɗaya haram, ƙasa ɗaya halal, kogi ne tsakani. Na je na saya, na ɗaura a leda a ciki da cinya, na rufa da mayafi. Ina da jika a gida, ina tafiya a gadar Ngeli kamar mai ciki wata tara. Wani mai kaki da bai kai ɗana na uku ba ya tare ni, ya kalli ƙafata. Leda ta fashe, baƙin gari na zuba a kan silifas ɗina.

"Hajja, mamnu," ya ce, wato an hana.

Na ce, "Ɗana, mai jego gare ni."

Ya ce shi ba shi ya kafa doka ba. Na kwance a gaban mutane na miƙa masa. Da na waiga, a gindin rumfarsu akwai ɗan murhu da butar shayi a kai, garwashi ja wur. Gajiya ta fi fushi yawa a ranar. Na tako gida da ƙafa daga inda mota ta sauke ni, zanina baƙi ƙirin.

Da la'asar na ɗauko gatari na shiga ɗakina na fara janye katifa daga kan gado. Gadon katako ne, na aurena. 'Yata tana zaune a tabarma tana ba da nono. Ita 'yar fari ce, tsakanina da ita akwai kunya, ko sunanta ba na kamawa, ita ma ba ta saba ɗaga min murya ba. Ranar ta ɗaga.

"Inna, ki ajiye gatarin nan. Na gama wanka."

Na ce, "Da saura."

"Ni na gama. Dubi bayana, duk ya saɓule. Jiri nake gani in na fito. Ungozomar asibiti ta ce ruwan ɗumi ya isa, na gaya miki tun farko ba ki ji ba."

Na ce ungozomar asibiti ba ta binne yayarta ba. Na ce duk wahalar nan don wa nake yi?

Ta ce, "Don ni ne, na sani. Su ma da suka hana gawayi cewa suka yi don mu ne. Amma jikina ne, Inna, kuma ba ki tambaye ni ba ko sau ɗaya."

Na so in zage ta. Maganar ta yi min zafi fiye da ta yaron gada, don shi ban haife shi ba. Hannuna ya gaji da riƙon gatarin, na jingine shi a bango.

Washegari ban hura wuta ba. Ta ɗora buta a kan 'yar tukunyar mijinta, ta surka a bokiti, ta shiga bayi ita kaɗai. Ni na zauna a bakin ƙofa da jariri a cinya ina kasa kunne ko zan ji ta yi tari. Haka muka ƙarasa sauran kwanakin, ta koma ɗakinta lafiya lau.

Ban sake sayar da gawayi ba, ko da ya dawo ta bayan fage da tsadarsa. Yanzu ni ma da gas nake girki, kuma ba na musun ya fi tsabta. In an zauna ana gardamar ko hukuma ta kyauta ko ba ta kyauta ba, tashi nake yi, na gaji da zancen. 'Yata ta ƙara haihuwa uku, ba ta yi wankan ko sau ɗaya ba, ni kuma ban sake tayar da maganar ba. Amma har yau in ta zo gaishe ni ta dafa ƙugu ta ce bayanta na ciwo, yayata nake tunawa. Sai in ce mata Allah ya sawwaƙe, in saci kallon ƙafafunta ko sun kumbura.