Kafireton Motar Marigayi

Kullum da safe Baba Makaniki zai share gaban garejinsa, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu, ya zuba fetur a tsohon kwano. Shekara da shekaru ba ya taɓa sabuwar mota, sai tsofaffin da kowa ya gaji da su. Ni ban yi boko ba, yabon mutane ma ba halina ba ne, amma wannan sai na faɗa.

Motar marigayi maigidana ta girmi 'ya'yana duka. Bayan rasuwarsa ƙaninsa ya ce, "Yaya, kawo in kai a duba miki ita." Ta tafi lafiya lau, ta dawo tana tari da baƙin hayaƙi, tana mutuwa a tsakiyar titi.

Na kai ta wurin Baba, shi ma ban yarda da shi ba. Na ja kujera na zauna daf da injin, idona a kan hannunsa.

"Hajiya, ki koma inuwa mana."

"Bar ni da rana. Kwance ta ina kallo."

Ya leƙa ya ce kafireton nan, abin da ke haɗa mai da iska, ba na motar ba ne, huda sabbin ramuka aka yi aka ɗaure shi dole. Na ce wa ya sani ko naka kake son cusa mini? Ashe duk kafireton da ya taɓa wankewa sai ya buga masa ɗigo uku da ƙusa ta ƙasa, kuma shi ke wanke na marigayi. Ya ce in shafa da kaina. Sumul, babu ɗigo ko ɗaya.

Rannan sai ga ƙanin mijin nan nawa ya kawo tasa motar, irin tamu sak, wadda Baba bai taɓa buɗewa ba. Mai faci da mai walda suna tsaye. Baba ya zura hannu ya shafa ƙasan kafireton, ya ji ɗigo uku, ya ajiye sifana.

"Wannan na yayanka ne. Je ka kira matarsa."

Baba, kai ne ka faɗa masa ido da ido, ka san kuma ba zai ƙara kawo maka aiki ba. Mai hannu baƙi, ciki fari. Na gode, Allah ya saka. Sauran makanikai, ku riƙa sa alama a kayan mutane, har yanzu ban yarda da ku ba.

Kai kuma ƙanin miji, na san za a karanta maka wannan. Har yau cewa kake kama ce kawai. Idon Baba ya yi rauni, yana son ajiye aiki, amma ya ce ba zai rufe gareji ba sai ya mayar da kafireton yayanka inda ka cire shi. Kada ka tsayar da tsoho.